Watan da Yaya Harisu Bai Gani Ba

In ka shigo layinmu a Agege ka tambayi gidan Harisu mai hoto, sai an yi ɗan murmushi kafin a nuna maka ƙofa. Da ba haka ake yi ba. Ni ce Azumi, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. A gidan nake zaune tun da maigidana ya rasu, ina suyar waina a bakin ƙofa. Saboda haka abin da zan faɗa ba a gindin famfo na tsinto shi ba, a gabana aka yi.

A nan aka haife mu. Babanmu mutumin Gumel ne, goro ya kawo shi Ikko, goron kuma ya riƙe shi har ya koma ga Allah. Yaya Harisu bai gaji goro ba. Tun yana saurayi ya liƙe wa wani Bayarabe mai ɗaukar hoto har ya ƙware, ya buɗe nasa shagon a zauren gidanmu. Duk wanda ya yi aure ko suna ko ya dawo daga Hajji a unguwar nan ya taɓa tsayawa a gaban labulensa mai zanen jirgin sama. Sai wayoyi suka zo, kowa ya zama mai hoton kansa. Shago ya koma hoton fasfo da gyaran idon kyamara, don damshin Ikko yana sa gilashi ya yi fumfuna, shi kuwa yana da hannun wankewa. Mutum ne mai jinkirin amsa. In ka tambaye shi ko an kawo wuta, sai ya je ya taɓa makunni kafin ya ce maka e.

Ciwon kallon sama kuwa a Gumel ya kwaso shi. Mun je gaisuwar rasuwa, wani kawunmu ya nuna masa Kaza da 'Ya'yanta da Zara matar wata, abin da kowane manomi a can ya sani. Yaya ya dawo yana cewa mu 'yan Ikko an cuce mu. Ga hayaƙin janareto, ga fitilu, ga jirage masu sauka Ikeja suna ratsa mana kai, mutum ya girma bai san abin da Allah ya rataya a bisansa ba. Ni dai na ce masa sama ba ta cika tukunya.

Wata rana Seth, wani ɗan Kafancan mai fito da kayan gwanjo daga tashar jirgin ruwa, ya tsayar da motar haya, danfo, a ƙofarmu. Shi da kwandasta suka sauke wani dogon akwati suna nishi.

"Oga Harisu, wannan abu ya fi ƙarfina," in ji Seth. "Na ɗauka idon kyamarar 'yan ƙwallo ne, amma ba wanda ya taya. Duba min abeg."

Yaya ya buɗe. Farin bututu ne, tsawonsa ya kusa kai ni, kaurinsa ya kai turmin daka yaji. Ya cire murfin bakinsa, ya leƙa gilashin, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ɗago. Bai ɓoye wa Seth ba, ya gaya masa madubin hangen taurari ne, kuma na gaske ne, kada ya sake ya sayar da shi a banza. Kun ji mai ciniki. Kafin wata ya mutu ya sayar da filin da Baba ya bar masa a Gumel ya karɓi akwatin.

Ranar na yi masifa har wainata ta ƙone.

"Yaya, filin Baba ka mayar bututu?"

"Ba bututu ba ne, Azumi."

"To mene ne?"

Sai ya shiga yi min bayani. Wai gilasai uku ne jere a bakinsa, kowanne da irin nasa. Madubi mai araha yakan yi wa gefen wata shuɗi-shuɗi da ja-ja, shi kuwa wannan yana tattara launuka su haɗu wuri ɗaya, sai ka ga abu da kalarsa ta Allah. Ban fahimci komai ba, kuma na gaya masa. Bai yi gardama ba. Da magariba ya ja ni kan rufin bene, ya ce in sa ido. Wata na gani, ya cika min ido, da ramuka-ramuka kamar tandata ta waina, gefensa tas ba ɗigon wani launi. Na sauko ban ce masa ya yi daidai ba, amma daga ranar ban ƙara maganar fili ba.

Mutanen layi suka raɗa wa abin suna igwa. Yaya yana kula da ita fiye da yadda yake kula da cikinsa. Ya sa kafinta ya yi mata akwati mai ƙwan lantarki a ciki saboda damshi, ya bi masu sayar da takalma yana roƙon 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake sakawa a kwali. Ba a taɓa gilashinta da yatsa. Ana fito da ita tun da sauran rana, wai sai gilashin ya saba da iskar waje. Yakan ɗaura kyamara a gindinta, ya ɗauki tauraron Zuhal da zobensa, ya ɗauki tauraron Mushtari da 'yan watanninsa, ya wanke ya rataya a inda hotunan amare suke da. Masu zuwa hoton fasfo sukan tsaya su kalla, wasu su ce Allahu Akbar, wasu su ce zane ne.

Igwa da ƙafafunta da ƙarafan da ke daidaita ta ba kayan mutum ɗaya ba ne, kuma matakalarmu ƙunci gare ta. A nan Zayyanu ya shigo. Abokin Yaya ne tun suna makarantar allo, yana sarin tumatir da tattasai daga kasuwar Mil Tuwal ya kasa a bakin titi. Mutum ne mai baki, in yana ba da labari sai ka manta da abin da ka ɗora a wuta. A kwano ɗaya suke ci da Yaya. Lokacin da ya yi jinyar ƙafa, a ɗakinmu ya kwanta, ni na riƙa dama masa kunu. Ina faɗin wannan don a san ba baƙo ba ne.

Abin da ya fito da sunan Yaya shi ne jinjirin wata. Duk ranar ashirin da tara, shi da Zayyanu sukan hau da igwa su juya ta yamma. Suna da tsarinsu. Yaya ba ya kallon fuskar waya idan yana neman wata, ya ce haskenta yana kashe ido, jinjiri kuwa siriri ne, ɗan lokaci kaɗan yake yi ya faɗi. Don haka yakan miƙa wa Zayyanu wayarsa tun kafin rana ta faɗi. Abin da ya faɗa, Zayyanu ya rubuta ya tura wa Liman Malam Iliyasu. Liman ya miƙa gaba ga masu alhakin abin, kowa ya jira sanarwa a rediyo kamar yadda aka saba.

To sau nawa ake ganin wata a Ikko? Gajimare ya fi yawa. Amsar Yaya kusan kullum ita ce "Ban gani ba." Samari har kwaikwayonsa suke yi. Amma wannan "ban gani ba" ɗin ita ta sa, ranar da ya ce ya gani, ba mai ja. Ba a taɓa samun ya ce ya gani sanarwa ta saɓa masa ba. Har ta kai in ya sauko daga bene, tela yakan san ko zai kwana a kan keke, mata su san ko za su jiƙa shinkafa. Ba sarauta ba ce, ba a biyan sa ko sisi. Amma mutumin da waya ta kashe wa sana'a, ya wayi gari duk unguwa na jiran kalma ɗaya daga bakinsa, ai ya samu abin riƙewa. Ni na san abin da wannan yake nufi a wurinsa ko da bai taɓa faɗa ba.

Azumin da ya gabaci na bana, a goman ƙarshe, Zayyanu ya zo shan ruwa gidanmu yana ƙorafi. Ya saro tumatir fiye da ƙarfinsa don kasuwar Sallah, motar kuma ta lalace a hanya, kaya suka iso sun riga sun fara laushi.

"In aka cika talatin na shiga uku," in ji shi, yana tsoma waina a miya. "Mutumina, ka lallashi igwar nan ta gano mana wata mana."

Muka yi dariya, har da Yaya. Na ƙara wa Zayyanu waina.

Ranar ashirin da tara tun la'asar hadari ya haɗo daga wajen teku. Suka hau duk da haka, don Yaya ba ya fashi. Na aika musu dabino da kunu. Abin da ya faru a sama daga baya Yaya ya gaya min, kuma na yarda da shi kamar ina wurin. Yamma a rufe take ruf. Ya jira har lokaci ya wuce, ya ce, "Rubuta, ban gani ba." Zayyanu ya danna-danna ya ce ya tura. Sannan ya ce wayar ta kusa mutuwa, ga ba wuta, bari ya tafi da ita ya sa mata caji a rumfarsa. Yaya ya ce to. Yayyafi ya fara, hankalinsa yana kan gilashi. Suka sauke igwa zuwa ɗaki, Zayyanu ya fita da sauri, Yaya ya yi sallah ya zauna yana goge damshi.

Ni ina bakin ƙofa ina kwashe wuta sai na ji layi ya ɗauka. An ga wata, Harisu ya ga wata. Wata maƙwabciya ta nuna min a wayarta: ga hoton jinjiri tas, ga lambar Yaya, an tura cikin zauren wayar 'yan unguwa inda kowa yake. Ban ko hau na tambaye shi ba, me zan tambaya? Na ɗauki kwando na bi mata. Wurin Zayyanu ba masaka tsinke. Ya kunna 'yar fitila ɗaya mai dishi-dishi, yana aunawa yana "Oya, oya, gobe Sallah." Da ya gan ni har gyara ya yi min.

Na dawo na leƙa ɗakin Yaya da kwandona.

"Barka da Sallah, Yaya."

Ya ɗago da tsumma a hannu. "Wace Sallah?"

Ban taɓa ganin Yaya yana gudu ba sai ranar. Ya fita ba hula, yana bin layi yana cewa "Ban gani ba, jama'a, ban gani ba." Wasu suka ɗauka wasa yake. Ya isa masallaci, Liman ya sa aka faɗa a lasifika kowa ya dakata. Can rediyo ta sanar ba a ga wata ba, a cika talatin. Amma zance ya riga ya bar Agege, ya je Ketu, ya je Alaba Rago, da hoto da suna. Hoton kuwa nasa ne, ba ƙarya, na jinjirin farkon azumin nan ne, yana cikin wayar. Ni kuma da na juye kwando, na sama ne kawai masu kyau, na ƙasa duk sun zama ruwa.

Yawanci sun ji gyara sun tashi sahur. Baba Sale bai ji ba. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Iddo, kunnensa ya yi nauyi, shi kaɗai yake kwana. Ya ji labarin farko, ya yi hamdala ya rufe ƙofa. Da safe ya karya, ya sa farar rigarsa, ya ɗauki darduma ya doshi filin idi. Ya tarar ba kowa sai awaki.

Da la'asar Liman da dattawa suka zo shagon Yaya, aka kira Zayyanu. Ina bakin ƙofa ina haɗa wuta, labule ne kawai tsakaninmu. Baba Sale yana cikinsu, bai cire farar rigar ba.

Liman ya ce, "Malam Harisu, wannan lambarka ce?"

"Tawa ce, Allah ya gafarta Malam."

"Hoton fa?"

"Nawa ne, amma na farkon wata ne. Jiya ban gani ba, kuma haka na ce a rubuta."

Liman ya juya ga Zayyanu. Na tsaya da itace a hannu. Wallahi har a lokacin ina sa ran zai sunkuyar da kai ya ce shaiɗan ne. Da ya yi haka da na zage shi na huce, da Yaya ya yafe masa kafin a sha ruwa, na san halinsa.

"Allah ya gafarta Malam, ni ɗan aike ne," in ji Zayyanu. "Abin da ya ce shi na rubuta, hoton da ya nuna shi na tura. Ni na san wata? Ni tumatir na sani."

Sai na ji muryar Yaya, ƙasa-ƙasa.

"Zayyanu, ni na ce maka na gani?"

"Mutumina, kowa yana kuskure. Wataƙila jirgi ka hango."

Na banka labule na shiga. Na faɗi maganar da Zayyanu ya yi a kan tabarmarmu ranar shan ruwa, na faɗi cajin waya, na faɗi abin da na tarar a ƙasan kwando. Liman ya bari na gama, sannan ya ce, "Azumi, kina kan rufin?" Na ce a'a. Ya ce to su biyu ne a sama, ɗaya ya ce kaza ɗaya ya ce kaza, shi ba zai iya tsaga zuciyar mutum ba. Abin da zai iya shi ne, daga yau kada a ƙara turo masa komai daga benen nan. Ban ga laifin Liman ba, abin da ke gabansa ya yi wa hukunci. Da za su fita Baba Sale ya tsaya a gaban Yaya, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, "Tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba, Harisu. Don kai ne na ci." Ya fita.

Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wanda ya faɗi wannan bai zauna a layinmu ba. Kowace mace ta ga ƙasan kwandonta, kowa ya san wa ya ci riba, amma ba wanda ya yarda Zayyanu zai yi wannan shi kaɗai. Ba a kwano ɗaya suke ci ba? Sai aka ce haɗa baki suka yi suka raba. Zayyanu kuwa mai baki ne, ya mayar da abin labarin ban dariya, yana kwaikwayon yadda Yaya ya yi gudu ba hula, ana ƙyalƙyatawa ana sayen tattasai. Bakin da ya ci wainata ne. Yau yana nan, ya ƙara rumfa, yana sahun gaba a masallaci. Ni dai na gwammace in hau danfo har Ketu in sayo tumatir da in tsaya a gabansa, kuma ban yafe ba, kada ma wani ya zo min da wa'azi.

Yaya bai sake ambaton sunansa ba. Ya karɓi wayarsa ta hannun wani, ya fita daga zauren 'yan unguwa. Ya je gidan Baba Sale ya ce zai rama azumin tare da shi, tsohon ya ce ba ya buƙatar rakiya. Igwa ta daɗe a akwati, don ba mai kama masa. Seth ya zo sau ɗaya ya ce zai nemo masa mai saye, Yaya ya ce a'a. Yana buɗe akwatin, ya duba gilashi ko fumfuna ta kama, ya mayar.

Bana, ranar ashirin da tara ga azumi, aka wayi gari an yi ruwa da safe, sama ta wanku tas, abin da ba kasafai ake samu a Ikko ba. Na ga yana fita tsakar gida yana duban yamma yana komawa. Da la'asar na ajiye ludayi na ce, "Tashi, Yaya, ni zan kama maka." Bayana ya gaya min ban kyauta ba, amma mun kai ta sama.

Rana ta faɗi, muka sha ruwa da dabino. Ya sa ido, yana murɗa wani ɗan ƙarfe a hankali. Can ya ja baya ya ce in zo. Ga shi nan, siriri kamar abin da aka yanke daga farce, fari tas. Ya ɗaura kyamara ya ɗauka. Da ya nuna min wurin da yatsa, har da idona na hango shi a saman tankin ruwan maƙwabta.

Wasu samari suna zaune a benci a ƙasa, sun hango igwa. Ɗaya ya ɗaga murya.

"Oga Harisu, an gani?"

Na ce masa kada ya kula su. Bai ji ni ba. Ya koma ya sake sa ido, don shi ba ya amsa sai ya taɓa makunni. Sannan ya je bakin rufi ya leƙa ƙasa.

"Na gani."

Suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Tumatir ɗin wa ya yi laushi bana?" Ba wanda ya tashi daga bencin. Tela bai ɗago daga kekensa ba.

Bayan isha'i rediyo ta sanar an ga wata a arewa, gobe Sallah. Layi ya kaure, mata suka fita da kwanduna, yara suna ihu. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Muna sauko da igwa ne a lokacin, shi a gaba ni a baya, a matakalar nan mai ƙunci. A tsakiya ya tsaya, bai juyo ba.

"Azumi, kin gan shi dai ko?"

"Na gan shi, Yaya."

"Da idonki?"

"Da idona."

Muka ci gaba da sauka. Mutumin da duk unguwa ke tambaya, yau shi yake tambayata. Kafin mu kai ɗaki sai da ya sake tambaya.